Awon Igiya: "Fili Na Saya, Ban Sayi Hanya Ba"

Waɗanda data ba ta bari su saurara, ga shi mun buga muku a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne. Maganar da zan yi kuma ta cikin gidanmu ce, sai da na nemi izinin Yayana da Baffanmu kafin na kawo ta nan. Magana ce a kan fili. Na san da yawanku kuna tara 'yan kuɗi, wani yana adashi, wata ta sayar da sarƙarta, burin dai a mallaki ko rabin fuloti ne a gefen gari. Wasunku kuma irina ne, gona aka bar muku gado, gari ya cim mata, dillalai sun fara sallama. Duk shirin yau naku ne.

Bari in fara da wani dare.

Yayana ya sayi fili a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano. Ba zan faɗi sunanta ba, kar a ce na ɓata wa mutane unguwa. Awon igiya ne, ƙafa hamsin-hamsin, da araha. Ranar da ya kai ni na gani, wallahi wurin sha'awa ya ba ni. Gonaki ko'ina, iska tana kaɗawa, mota har bakin filin take zuwa. Dillali ya nuna mana wani tsiri tsakanin turaku ya ce, "Ga layinku nan, ƙafa goma cif." Muka ce madalla.

Cikin shekara biyar wurin ya cika. Ƙafa gomar nan fa? Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje saboda cikin gidan ba wuri, aka kafa falwaya a gefe, kowa ya sako kwatarsa tsakiyar hanya. Abin da ya rage, in mai ruwa ya shigo da kurarsa sai ka manne da bango ya wuce.

Wani dare cikin watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, naƙuda ta kama matar Yaya. Ya kira ni wajen ƙarfe biyu. Da ƙyar na samo mai Adaidaita Sahu, muna zuwa bakin unguwar ya ja birki ya ce, "Malam, nan ne iyakata." Ban ga laifinsa ba. Layin ya zama rafi, ruwa har gwiwa, ba ka sanin ina rami ina sokawen wani. A kujerar roba muka ɗauko ta, ni da Yaya da wani maƙwabci, wani yaro yana haska mana da fitilar waya, tana salati muna salati. Tafiyar da ba ta fi minti uku ba da rani, sai da ta ci mana kusan minti ashirin. Allah ya taimake mu ta sauka lafiya, yarinyar yanzu har ta shiga makaranta. Amma a barandar asibiti, jikinmu sharkaf, Yaya ya faɗi wata magana da ban manta ba. Ya ce, "Ashe fili na saya, ban sayi hanya ba."

To ku riƙe wannan a ranku.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona, kusan hekta ɗaya cif. Muna yara sai an yi tafiya ake kai mata. Yanzu in ka tsaya a tsakiyarta kana jin kiran sallar masallatai uku. Bana magada suka ce a raba. Aka yi taro a zauren Baffa, ƙanin mahaifinmu, aka kira wani dillali. Mutumin nan ko biro bai ɗauka ba, ya ce, "Fuloti arba'in zan fitar muku, hamsin-hamsin. Ku ba ni wata ɗaya kowa ya ji alat."

Bari in faɗa muku gaskiya, kar in zo nan ina nuna muku ni na Allah ne. Da ya ce arba'in, ban tuna da kujerar roba ba. Kasona na fara lissafawa. Na ga lefe, na ga 'yar mota, na ga sabon makirfo na wannan shiri. Yaya ne ya yi gyaran murya ya ce, "Layin ƙafa nawa za ka bari?" Dillali ya ce, "Ƙafa goma cif." Kai! Kamar an watsa mini ruwan sanyi. Muka kalli juna ni da Yaya. A nan na gane cewa wanda ya yanka waccan unguwa ba wani azzalumi ba ne daga wata duniya. Wasu magada ne irinmu suka zauna a zaure irin wannan, aka ce musu arba'in suka ce amin.

Na roƙi Baffa ya ba mu sati biyu. Na kira wani ɗan ajinmu na sakandare wanda ya karanta tsara birane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

A nan bari in ɗan tsaya, don ni ma a da ina haɗa su duka in ce injiniya. Ba ɗaya ba ne. Safiyo shi ne mai auna ƙasa, ya gaya maka iyakarka daga ina zuwa ina, ya kafa maka siminti a kusurwoyi. Mai zanen gini shi ne zai tsara maka cikin gida, ina falo ina kicin. Injiniya shi ne mai lissafin ƙarfin gini da titi da kwalbati. Shi kuwa mai tsara gari, ba gidanka ne a gabansa ba. Abin da ke tsakanin gidanka da na maƙwabcinka shi ne aikinsa: ina hanya za ta bi, ina ruwa zai tafi, ina yara za su yi karatu, ina za a kai mamaci. Sana'a ce mai rajista. Ƙungiyarsu ta ƙasa, NITP, tun 1966 aka kafa ta, hukumar da ke yi musu rajista kuma, TOPREC, dokar soja ta 1988 ce ta samar da ita. Ma'ana kana da damar ka ce wa mutum, "Nuna mini rajistarka," kamar yadda za ka yi wa likita.

Abin da ya fara ba ni mamaki, abokin nan nawa bai zo da tef ba. Ya ce mu jira a yi ruwa. Washegarin wani ruwan dare muka tafi, ya yi ta yawo a gonar takalminsa duk taɓo, yana kallon inda ruwa ya kwanta da inda ya zaizaye ƙasa. Ya je wajen wani dattijo da ke noma kusa da mu ya gaishe shi ya ce, "Baba, a shekarar da ruwa ya fi yawa, ta ina yake wucewa?" Dattijon ya nuna masa da sanda, ta kusurwar kudu, ya gangara wani tsohon kududdufi. Daidai wurin nan dillali ya lissafa fuloti huɗu. Sannan ya duba ta ina hanyar unguwar da ke yamma da mu ta ɓullo, don tamu ta haɗu da ita. Sai bayan nan ya sa aka kira safiyo.

Da ya kawo zanensa, fuloti talatin da ɗaya ne. Babban titi ɗaya mai faɗin mita goma sha biyu da lambatu gefe da gefe, ƙananan layuka masu mita tara, hanyar ruwan nan ta kudu kuma ya bar ta a buɗe.

Ga lissafin, ku ɗauki waya ku buga da kanku. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti hamsin-hamsin kusan mita 15 ne sau 15, wato 225. In ba ka bar hanya ko ɗaya ba, fuloti 44 za ka samu. Dillali ya bar kashi goma cikin ɗari na lunguna, saura 9,000, ya samu 40. Shi kuma ya bar kashi talatin cikin ɗari, saura 7,000, ya samu 31. Kashi talatin ɗin nan ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, UN-Habitat, ita ma shawarar da take bayarwa ke nan, a ware wa tituna aƙalla kashi talatin na ƙasar unguwa. Bambancin dai fuloti tara ne. Duk rigimar awon igiya da awon gwamnati, in ka tace ta, a kan waɗannan taran take. Su ne hanyar motar asibiti, su ne hanyar motar kashe gobara wadda faɗinta kaɗai ya kai mita biyu da rabi, su ne inda makara za ta juya ba sai an karkata ta ba.

Da muka kai wa Baffa, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Kai yaro, fuloti tara za ka sa mu yi sadaka da su wa mutanen da ba mu sani ba? Kakanninmu da suka gina Kano, wane mai tsara gari suka ɗauka?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Baffa, ai sun tsara." Kuma da gaske nake. Wanda ya ja ganuwa ya fitar mata da ƙofofi, ya bar fili a cikinta har na noma saboda ranar da za a rufe ƙofa, ai tsari ya yi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da ya faɗaɗa ganuwa, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ai tsari ya yi. Kududdufan cikin birni, inda aka ɗebi ƙasar gini, su ne suke shanye ruwan damina. Lungunan cikin gari kuma daidai da zamaninsu aka yi su, zamanin mai ƙafa da jaki da doki. Mu ne muke yanka lungun jaki a zamanin tifa da tankar ruwa. Ko a addini ma, akwai hadisi ingantacce da ya nuna in an yi saɓani a kan hanya a sa faɗinta kamu bakwai. Wato tun can hanya tana da haƙƙinta, ba ragowar fili ba ce.

Baffa ya yi shiru, amma bai gamsu ba. Kuma ina so ku fahimce shi, don yana da hujja. Mutane ba don hauka suke yin awon igiya ba.

Na farko, tsoro. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Kai abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, shi ya sa takardar shaidar mallaka, wadda muka fi sani da C of O, galibi shekara 99 ake rubutawa. Gwamnati na iya karɓar ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada kuma ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. To manomi yana ganin gari ya matso, me zai yi? Sai ya ce bari in yanka in sayar tun kafin a zo a ƙirga mini bishiyar mangwaro uku a sallame ni.

Na biyu, talaka yana buƙatar wurin kwana yau, ba baɗi ba. A ƙidayar 2006 jihar Kano ta haura mutum miliyan tara, yanzu kuwa kowa ya ga yadda Kumbotso da Ungogo suka cika, gari ya miƙa ta Dawakin Kudu, ta Gezawa, ta Tofa. Filayen awon gwamnati ba sa isa, in sun fito ma sau da yawa sun fi ƙarfin malamin firamare. Dillali kuwa zai karɓi rabi yau, rabi bayan sallah. In hukuma tana tafiya da ƙafa, shi a kan babur yake.

Shi ya sa ni ban yarda maganin abin shi ne a yi ta zagin dillalai ba, ko a jira mutum ya kai linta a zo da jan fenti. Rusau magani ne mai ɗaci da ake sha bayan ciwo ya ci jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da aka ja igiya a gona, ranar aka yanke wa unguwa hukuncin shekara ɗari. Gida ana rushe shi a sake, amma layi in ya tsuke ya tsuke ke nan, sai dai a rushe gidajen mutum hamsin a biya diyya.

Yanzu ga inda maganar ta fi ƙarfin gidanmu. Na tambayi abokina, na ce, "To ina makaranta a zanen nan? Ina asibiti? Ina maƙabarta?" Ya yi dariya ya ce, "A hekta ɗaya? In na cire muku firamare me zai rage? Gonarku ba za ta iya ba. Amma gonaki ashirin da ke nan in aka haɗa su a takarda ɗaya, kowa ya ba da ɗan kaso, za a samu makaranta, a samu maƙabarta, a samu titin da zai fita har bakin kwalta. Matsalar, ni ku kuka ɗauke ni, gonarku kaɗai nake da iko a kai. Mai iya kallon gonaki ashirin a lokaci guda hukuma ce kawai."

Wannan magana ita ce zuciyar shirin yau. Ana buƙatar hukumar tsara gari da ke da ƙwararre a cikinta, mai albashi, wanda aikinsa shi ne ya riga igiya isa gona.

Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. A farkon shekarun 1960 hukumar tsara Kano da kewaye ta sa wani Bature mai suna Trevallion ya jagoranci tsara yadda birnin zai faɗaɗa na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Kaduna ta ɗauko Max Lock, ya fitar da nasa a 1967. Abuja kanta, kafin ta zama abin da muke gani, sai da aka ba wani kamfanin ƙwararru aikin babban tsarinta, suka miƙa a 1979. Ku lura, wa'adin wancan tsari na Kano ya cika tun 1983, yawancin masu sauraron wannan shiri ba a haife su ba. Inda gonarmu take, a lokacin sunansa ƙauye.

Ta fuskar doka ma an yi tanadi. Dokar tsara birane ta 1992, mai lamba 88, ta kasa aikin hawa uku: hukuma a tarayya, hukuma a kowace jiha, da hukuma a kowace ƙaramar hukuma, kuma ta ce a zuba ƙwararru a ciki, har da mai tsara gari mai rajista. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Wato ƙwallon tana ragar jiharka. A Kano akwai KNUPDA mai kula da tsari da izinin gini, da KANGIS mai ajiye bayanan filaye. A Kaduna akwai KASUPDA da KADGIS. Sauran jihohi kowa da tasa.

Tambayar da nake so matasa mu fara yi ita ce ta hawa na uku. Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Yankan gonaki ba a tsakiyar birni ake yinsa ba, a gefe ake yi, inda gari ke haɗuwa da karkara. To a ƙaramar hukumarku, wa ke duba zanen gona kafin a yanka? Akwai mai tsara gari a sakatariya? Yana da abin hawan da zai je ya gani? Lokacin zaɓe muna tambayar 'yan takara taransifoma da rijiyar burtsatse da kwalbati. Ba laifi. Amma rabin kwalbatin nan da muke roƙo, da an bar wa ruwa hanyarsa tun farko, da ba mu buƙace shi ba. Albashin ƙwararre ɗaya na shekara bai kai kuɗin gyaran layi ɗaya da ruwa ya cinye ba.

In da za a tambaye ni me irin wannan hukuma za ta yi, abu huɗu zan ce. Ta fitar da taswirar manyan hanyoyi da hanyoyin ruwa na gefen gari tun ana noma a wurin, ta kafa alama kowa ya gani. Ta sa ƙa'ida a fili, da Hausa, a manna a ƙofar gidan dagaci: layi kar ya gaza kaza, kududdufi da hanyar ruwa ba a sayarwa, kowace gona ga kason da za ta bayar na makaranta da maƙabarta. Ta sauƙaƙa amincewa da zanen mai gona, kuɗi sananne, lokaci sananne, yadda bin ƙa'ida zai fi kauce mata sauƙi. Sannan ta jawo masu unguwanni da dagatai da su kansu dillalan cikin aikin, don babu gonar da ake yankawa ba da saninsu ba.

Kar wani ya ce wannan matsalar talakawan gefen gari ce kawai. Ku tuna watan Agustan 2022, da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi. Abin da aka yi ta magana a kai bayan nan shi ne gine-gine da rumfunan da aka dasa a kan hanyoyin ruwa. Ruwa ba ya karanta takardar ciniki. In ka sayar da hanyarsa, zai zo ya karɓi abarsa, ko a falon wa ta bi.

To yaya muka ƙare a gida?

An kai ruwa rana. Wata Yayarmu mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Ta ce mini, "Kai kana da albashi, ni wannan kason shi ne jarina. Da bakinka za ka ce a rage?" Wallahi ban sami amsar ba ta ba, don gaskiya ta faɗa. Na dai ce mata filin da ke kan titi mai faɗi, da amincewar hukuma, ya fi na lungu daraja. Amma ban yi mata alkawarin zai cike gurbin fuloti tara ba, don ban isa in yi wannan alkawari ba. Abin da muka iya, ni da Yaya muka ɗauki kuɗin mai tsarawa da na safiyo a kanmu, aka kuma yarda ita za ta fara zaɓa, ta ɗauki na bakin babban titi.

Wadda ta kashe maganar Hajiyarmu ce. Tana gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba sai a ƙarshe. Ta ce, "Ku dai kun san yadda ake sa wa unguwa suna. Gonar wane, layin wane. Sunan mahaifinku za a kira wurin nan da shi har bayan ranku. Duk matar da aka ɗauko a kujera, duk gawar da aka rasa ta inda za a fitar, in an ce wa ya yanka wurin nan, shi za a ambata. Ku zaɓa masa abin da za a riƙa faɗa." Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi ke nan, a yi yadda yaran suka ce."

Yanzu takardunmu suna gaban hukuma, muna jira. Amma ba zan ɓoye muku ba, labarin bai ƙare da daɗi duka ba. Maƙwabcinmu na gabas ya riga ya yanka tasa da igiya, har an fara zuba bulo. Na je har gida na same shi, na ce, "Alhaji, don Allah ko fuloti ɗaya a bari titin nan ya wuce." Ya ce ya riga ya karɓi kuɗin mutane. Don haka titinmu mai mita goma sha biyu, in ya tafi ya tafi, bayan ɗakin wani zai je ya yi karo da shi. Mun yi namu, amma gida ɗaya ba ya tsara gari. Abin da ya sa na kawo maganar nan ke nan.

Kafin mu rufe, ga saƙona ga mai shirin sayen fili. Kar ka je ganin fili da rani kawai, ka koma washegarin ruwa. Ka je da tef ka auna layin da kanka, sannan ka bi shi da ƙafa har ka ga inda ya fita, don wani layin a bayan katangar wani yake mutuwa. Ka tambayi tsofaffin wurin ko an taɓa yin kududdufi a nan. Ka ɗaga kai ka duba ko babbar wayar wuta ta bi ta sama. Ka ce a nuna maka zanen unguwar da hatimin hukuma, ka kuma je ofishin da kanka ka tabbatar wurin ba ya cikin hanya ko filin da gwamnati ta riga ta ware. Takardar mai unguwa tana da amfaninta, shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, amma ba ita ce C of O ba, ba kuma izinin gini ba ce. In dillali ya ce maka, "Yau ne kawai, wani yana hanya da kuɗi," ka ce Allah ya sanya alheri. Araha ba ta ado.

Kai kuma mai gonar gado, kafin a ja igiya, ka nemi mai tsara gari mai rajista ko shawara ce ya ba ka, ka kuma yi wa maƙwabtan gonarka magana tun kafin su karɓi kuɗin kowa. Mu mun makara da na gabas. Kai wataƙila ba ka makara ba.

Ina so in ji daga gare ku. Layinku ƙafa nawa ne? Mota tana shiga? In an yi rasuwa a unguwarku, ina ake kaiwa, tafiyar minti nawa ce? Wanda kuma yake aikin tsara gari a wata ƙaramar hukuma, a ko'ina yake a Arewa, don Allah ya yi mana magana, muna son mu kawo shi shirin ya gaya mana yadda aikin yake daga ciki. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin sayen fili, ko da Baffanku ne.

Allah ya ba kowa muhalli mai albarka, da maƙwabta nagari, da hanyar da mota za ta shiga. Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.